Dajin Rugu Ma Tsibiri Ne

Ko sulhun da aka ƙulla a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomin yammacin Jihar Katsina cikin shekarar 2025 ya ɗore, ko kuwa sai an sake wani, rana tana tafe da ƙura za ta lafa a Dajin Rugu. A ranar nan, bayan an mayar da mutane garuruwansu, an buɗe makarantu da asibitoci, aikin da zai biyo baya shi ne raya dajin kansa, wanda sara da ƙuna da kiwo marar linzami suka yi wa illa tun ma kafin 'yan bindiga su mayar da shi mafaka. Hanyoyin samun kuɗin wannan aiki kuwa akwai su. Katsina tana cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa wadda aka kafa a 2015, tana kuma cikin jihohin da aka sa a shirin ACReSAL na dala miliyan 700 wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021. Abin da ya dame mu shi ne tambayar da ba a cika yi ba sa'ad da kuɗi suka zo da gaggawa: me za a shuka, me za a saki, kuma wa ya binciki halinsa kafin a shigo da shi? A ra'ayinmu, kada a bar wani baƙon iri, na itace ko na ciyawa ko na dabba, ya shiga Rugu sai an tabbata zai zauna inda aka ajiye shi. Hujjarmu daga nesa za mu ɗauko ta, daga labarin aladun tsibirai.

Mun san mai karatu zai ce ina ruwan Bakatsine da alade, dabbar da ba ya kiwo, ba ya ci, ba ya ko son jin sunanta. Haka ne. Amma alade yana cikin dabbobin da suka fi koya wa masana halin baƙon iri, domin tsibiri tamkar ɗakin gwaji yake: ruwa ya kewaye shi, ana iya ƙidaya abin da ke cikinsa kafin zuwan baƙo, a sake ƙidayawa bayan ya zo, ba mai gardamar cewa wani abu dabam ne ya yi ɓarnar.

Tun daga ƙarni na 16 har zuwa na 19, matuƙan jiragen ruwa na Turawa suna da wata al'ada. In suka ratsa ta wani tsibiri da ba kowa, sai su sauke aladu ko awaki 'yan kaɗan, maza da mata, su sake su, domin duk wanda ya biyo baya, ko wanda jirginsa ya fashe ya tsira da ransa, ya sami naman da zai ci. Haka wani kyaftin ɗan Ingila mai suna Abraham Bristow ya yi a 1807 a tsibirin Auckland, can kudu da ƙasar Niyu Zilan. Ba wanda zai ce mugunta ce ta sa shi, a ganinsa sadaka ya yi. Shekara 200 bayan haka jikokin aladun nan suna nan sun cika tsibirin, sun tone saiwoyin tsire-tsiren da ba a samun irinsu sai a wannan yanki, sun cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen teku, har ya zama tsuntsayen ba sa iya sheƙa sai a jikin duwatsu masu tsayi inda alade ba ya iya hawa, ko a ƙananan tsibiran da ke kusa waɗanda Allah ya sa ba a kai musu wannan sadaka ba.

Abin da ya sa ɓarnar ta kai haka ba shi da wuyar ganewa. Mu ma muna da gadu a dazuzzukanmu, ɗan'uwan alade ne, yana tono kamar yadda alade yake yi, amma bai taɓa cinye daji ba, domin zaki da damisa da kura da maharbi duk sun zauna da shi, ciyawa da itatuwan wurin kuma sun saba da haƙarsa tun fil azal. Tsibiri mai nisa ba haka yake ba. Ba mai isa can da kansa sai mai fiffike, ko wanda igiyar ruwa ta kai. Tsuntsayen wurin sun yi dubban shekaru ba su ga mai ƙafa huɗu ba, saboda haka a ƙasa suke zuba ƙwai, wasunsu ma sun daina tashi. Sai ga dabba wadda ba ta zaɓen abinci, ƙwai ne ko saiwa ko mushe, wadda goyon cikinta wata uku ne da mako uku da kwana uku, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya biyar ko shida ko fiye, kuma ba mai farautarta. Tsuntsun nan na tsibirin Morishus da Turawa suke kira dodo, wanda sunansa kawai ya yi kama da dodonmu domin shi ko kansa ba ya iya karewa, mutanen Holan sun iske shi a 1598, bayan 1662 ba a sake samun tabbataccen labarin ganinsa ba. Aladu da birai da ɓeraye da aka shigo da su suna cikin manyan waɗanda ake tuhuma da cinye ƙwansa.

Ɓarnar kuma ba ta tsayawa kan abin da alade ya sa a bakinsa, wannan shi ne wurin da muke so ɗalibai su lura da kyau. A tsibirin Santa Cruz, gefen Kalifoniya ta Amurka, an shigo da aladu a shekarun 1850 don kiwo, wasu suka kuɓuce suka koma daji. A tsibirin akwai wata 'yar dabba mai kama da yanyawa wadda babu irinta sai a tsibiran wurin. Alade ba ya cin ta. Amma yawan 'ya'yan aladu ya jawo wata irin gaggafa daga babban yanki, wadda a da ba ta samun abincin da zai zaunar da ita a tsibirin. Da ta zauna cikin shekarun 1990, sai ta haɗa da yanyawar nan wadda ba ta san duban sama ba. Cikin 'yan shekaru yawanta ya sauko daga kimanin 1,500 zuwa ƙasa da 100. Wanda ya sauke alade na farko daga jirgi, ko a mafarki ba zai hango gaggafa ba, balle yanyawa. A tsibiran Hawai kuwa aladu suna kayar da wasu itatuwa su ƙwaƙule cikinsu, ruwa ya taru a kogon, sauro ya hayayyafa, ya yaɗa zazzaɓin da ke kashe tsuntsayen ƙasar. Sauron ma baƙo ne, cutar ma baƙuwa.

To, nawa ake kashewa wajen korar baƙon da aka shigo da shi a kyauta? A Santa Cruz sai da aka ɗauko ƙwararrun maharba daga Niyu Zilan, da karnuka da jirgi mai saukar ungulu, aka yanka tsibirin kashi-kashi da shinge, sa'an nan tsakanin 2005 da 2006 aka kashe aladu 5,036 a kan kuɗi kimanin dala miliyan 5. Mai karatu ya yi lissafi da kansa, wajen dala 1,000 ke nan kowane alade, a ƙasar da ta fi kowa kayan aiki, a wuri ɗan ƙarami da ruwa ya tsare ta kowane gefe. Yanyawar ta farfaɗo, har aka cire ta daga jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu a 2016. A tsibirin Santiago na Galapagos, mallakar ƙasar Ekwado, inda aladu suke tone ƙwan manyan kunkuru, sai da aka yi shekara 30 ana fama, aka kawar da fiye da aladu 18,000, kafin a gama a shekarar 2000. Na ƙarshe-ƙarshen su suka fi wuya, domin sun koyi gudun kare da tarko, kuma in aka bar mace ɗaya mai ciki duk wahalar ta tashi a banza. Da aka gama da aladu sai aka koma kan awaki, aka kawar da wajen 79,000 a wannan tsibiri kaɗai. Akuya kuwa tamu ce, ba mai cewa ba ruwansa da ita. Sa'ad da Charles Darwin ya sauka Santiago a 1835 ya iske wani irin damo mai yawan gaske, daga baya ya ɓace ƙaf, sai a 2019 aka kwaso fiye da 1,400 daga wani tsibiri aka mayar.

Akwai wuri ɗaya da aikin ya zo da sauƙi. A ɗan tsibirin Clipperton, mallakar Faransa, wani masanin tsuntsaye mai suna Ken Stager ya sauka a 1958, ya iske aladu 58 da masu haƙar taki suka bari, ya harbe su duka. A lokacin manyan tsuntsayen tekun da suka rage ba su kai 1,000 ba, zuwa 2003 sun haura 100,000. Ya yi nasara ne domin wurin ƙarami ne kuma aladun kaɗan ne. Sai dai wajen shekarar 2000 ɓeraye suka sauka daga wani jirgi da ya fashe a gaɓar, aka koma wata sabuwar damuwa.

Ba tatsuniyoyin matafiya muke kawowa ba. A 2023 kwamitin masana na ƙasashen duniya da ake kira IPBES ya fitar da rahoton cewa mutane sun kai iri fiye da 37,000 wuraren da ba nasu ba, fiye da 3,500 daga cikinsu sun zama annoba, asarar da suke jawowa ta haura dala biliyan 423 a shekara bisa lissafin 2019, kuma suna da hannu a kashi 60 cikin 100 na dabbobi da tsire-tsiren da aka san sun ƙare a duniya.

Yanzu mu dawo gida. Rugu, tare da dazuzzukan Zamfara da yake haɗe da su, tsibiri ne a tudu. Tun a shekarun 1960 Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, ta kuma kafa dokar makiyaya a 1965, a lokacin da daji yake ko'ina. Yau duk wanda ya tashi daga Katsina zuwa Batsari, ko daga Dutsin-ma zuwa Safana da Runka, gonaki zai yi ta ratsawa har ya isa bakin dajin. Gonakin nan su ne tekun. Marke da kirya da kanya da ɗinya da maɗaci da suka rage a ciki ba su da inda za su gudu, kuma in suka ƙare ba wani daji a gabas da iska ko tsuntsu zai kawo irinsu daga can. Ta wannan fuska Rugu daidai yake da Santiago.

Ta wata fuskar kuwa halinsa ya fi na Santiago muni. Masu aikin Galapagos sun iya kashe alade na ƙarshe domin teku ta hana wani shigowa. Rugu ba shi da wannan gata. Burtali ya ratsa shi, garken shanu da tumaki suna shiga suna fita tsakanin Nijar da kudancin ƙasarmu kowace shekara, rafuka suna kwasar iri su kai gaba, kasuwannin Batsari da Jibiya suna haɗa hatsi da harawa da dabbobi daga ko'ina. Abin da ya shiga ya kama ƙasa, ya shiga ke nan, ko da an share shi bana zai dawo baɗi a cikin kashin shanu. Ma'ana, maganin da ya yi aiki a tsibiran teku, wato kawarwa baki ɗaya, ba mu da shi. Abin da ya rage mana shi ne tsaron ƙofa.

Kada a ɗauka muna ƙin duk wani baƙo. Rogon da ya sa aka san sunan Batsari a kasuwanni, mutanen Fotugal ne suka kawo kakansa Afirka daga Barazil. Masara da gyaɗa da tumatir da barkono da dankali duk daga nahiyar Amurka suka zo, mangwaro daga Indiya. In aka cire baƙi daga tukunyarmu, kusan gero da dawa da wake da kuɓewa da kuka za su rage. Amma rogo ba ya tsallake kunyar da aka dasa shi. Ranar da manomi ya daina kula da shi, ranar ya fara mutuwa. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, irin wannan baƙo suke nufi. Wanda muke tsoro shi ne baƙon da ba ya buƙatar hannun kowa, mai saurin girma, mai yawan 'ya'ya, mai jure fari, wanda dabba ba ta iya cinye shi. Abin takaici, waɗannan siffofi su ne ainihin abin da ma'aikacin gandun daji yake nema sa'ad da aka ba shi kuɗi aka ce ya nuna sakamako cikin shekara uku.

Bedi, wanda Kanawa suke kira darbejiya, wasu kuma dogon yaro, shi ne misalin da kowa ya sani. Daga Indiya asalinsa yake, Turawan mulki suka kawo shi Borno a 1928, yau ba garin da ba ya shan inuwarsa, kuma ba mu ga wanda zai yi butulci ga itacen da ya tare wa Katsina da Daura iskar hamada ba. Duk da haka, manomi ya san ba abin kirki da ke fitowa a gindinsa, makiyayi ya san saniya ba ta marmarin ganyensa, jemagu da tsuntsaye kuma suna shuka shi inda ba wanda ya roƙe su. A bakin hanya da farfajiyar makaranta alheri ne. A tsakiyar makiyaya, inda ake buƙatar gawo mai zubo wa dabbobi 'ya'ya da rani, kowane bedi ɗaya gurbin gawo ɗaya ya ci.

Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce wata bishiya mai ƙaya, 'yar'uwar kirya daga nahiyar Amurka, wadda masana suke kira Prosopis juliflora. Bayan farin shekarun 1970 ƙungiyoyin agaji da gwamnatoci sun yi ta yaɗa ta a ƙasashen Afirka masu ƙarancin ruwa, da kyakkyawar niyya irin ta Bristow, domin tana tsayar da yashi, tana ba da itacen wuta, tana fita inda komai ya ƙi. A Nijar an dasa ta a yankin Tafkin Chadi don tare tudun yashi, da ruwan tafkin ya janye sai ta bi shi, har aka ƙiyasta a farkon shekarun 2000 cewa ta rufe fiye da hekta 300,000. A yankin Afar na Habasha ta cinye fiye da hekta miliyan 1, yawancinsa makiyayar rani. A Baringo ta Kenya, inda aka dasa ta a shekarun 1980, mutanen wurin sun kai Gwamnati ƙara a 2006, suka jawo akuya marar haƙora har cikin kotu a Nairobi don alƙali ya gani da idonsa, domin zaƙin 'ya'yan bishiyar yana ruɓar da haƙoran dabbar da ta dogara da su. Dabbar da ta ci kuma ita ce mai shuka, saboda ƙwayar tana fita lafiya a cikin kashi, da takinta a shirye. In aka sare ta sai ta tofo da rassa da yawa. Ƙarshenta sarƙaƙiya ce wadda ciyawa ba ta fita a ƙarƙashinta, mutum da mota ba sa ratsawa. Mutumin Batsari ba ya buƙatar jarida ta gaya masa abin da duhuwar da ba a iya shiga take ɓoyewa.

Domin a gane laifin ba a jikin irin yake ba, a wurin da aka kai shi yake, sai mu dubi gamba. Ga mu nan muna saƙa zana da ita, muna baibaya, shanu suna cin ɗanyarta, har kuka muke yi ta yi ƙaranci. An kai ta Ostireliya a shekarun 1930 don kiwo. Can ta tsere daga makiyaya, ta yi tsawon da ya fi mutum biyu, gobarar da take ɗauka tana ƙone manyan itatuwa har saiwa, a 2012 aka sa ta a jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Takardar shaidar da iri ya zo da ita daga garinsu ba ta da amfani a nan, sai an gwada shi a ƙasarmu.

Ko ba a dasa komai da gangan ba, ƙasar da aka cinye ta zama fako ƙofa ce a buɗe. Makiyayan Maraɗi sun daɗe suna kuka da garmani, wanda ya mamaye makiyaya da burtali da yawa a kudancin Nijar, ya kori ciyawar da dabbobi suke so. Wasu baƙin kuma a ɓoye suke shigowa. Ƙwaron rogo mai farin gari ya zo ne daga Kudancin Amurka a jikin itacen dashe, aka fara ganinsa a Kwango a 1973, ya bi nahiyar yana cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin wasu gonaki. Sai da masanan cibiyar IITA ta Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, suka samo ɗan ƙaramin zanzaron da ke kashe shi daga Faraguwai, aka bincike shi a killace, aka sake shi a 1981, sa'an nan rogon Afirka ya tsira. Tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon, ita ma daga Kudancin Amurka ta fito, ta bi ta Sifen a 2006, ta iso mana, har Gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta a watan Mayun 2016. A wannan shekara ce kuma aka fara ganin tsutsar masara mai cin zuciyar kara a Nijeriya. Hukumar killace tsire-tsire da dabbobi ta Tarayya ita ke da alhakin tsaron iyaka, amma kowa ya san hanyoyin da ke tsakanin Jibiya da Maraɗi sun fi ma'aikatanta yawa.

An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A wannan sha'ani karin maganar ba ta cika ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ɓata mana rai. Wanda ya zaɓi iri yana ofis a Katsina ko Abuja, kafin ɓarna ta bayyana an yi masa ƙarin girma ko ya yi ritaya. Ɗan kwangilar da ya kawo dashe an biya shi bisa yawan ledoji. Wanda bakinsa zai ƙone shi ne makiyayin da zai iske makiyaya ta zama ƙaya, da manomin da garken nan zai faɗa wa gona domin ba shi da wurin zuwa. Rikicin da ya cinye rayuka da dukiya a wannan yanki fiye da shekara goma yana da sassa da yawa, amma ba mai musun cewa ƙuncin makiyaya da cinye burtali suna cikin tushensa. Duk shirin da zai rage ciyawa da sunan ƙara itatuwa, wuta yake hurawa, kome kyan hotunan da za a ɗauka ranar bikin dashe.

Ga shi kuwa hanya mafi arha tana nan a ƙofarmu. A 1983, a Maraɗi, wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya gaji da ganin dashe yana mutuwa, ya lura cewa 'yan tofon da manoma suke sassabewa kowace bazara rassan itatuwa ne waɗanda kututturansu da saiwoyinsu suke da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar aka bari, aka datse sauran, aka kare su daga wuta da gatari, sai su miƙe da saurin da dashe ba ya yi, domin saiwarsu ta riga ta kai ga laima. Manoman Nijar suka kira abin sassabin zamani. An ƙiyasta ya mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya, ba baƙo ko ɗaya da aka yi odarsa. Abin da ya sa ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba. Ƙasar Ruma da ta Maraɗi kusan iri ɗaya ce, harshen ɗaya, har dangi ɗaya. Laifin wannan dabara guda ne, ba ta da kwangila a cikinta.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina ta fara da sanin abin da ke akwai. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma tana maƙwabtaka da Safana, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, ga cibiyoyin bincike na Samaru da Shika. Da zarar hanya ta samu, a ba malamansu da ɗalibansu kuɗi su ƙidaya itatuwa da ciyayin Rugu, su zauna da tsofaffin makiyaya da maharba da masu magani waɗanda suka san abin da ke wurin a da, tun waɗannan dattawa suna raye. Ɗalibin da yake neman abin da zai rubuta a kundin kammala karatu, ga aiki nan wanda ya fi kwafar na wani. A sa Sarkin Ruma Hakimin Batsari, da Yariman Katsina Hakimin Safana, da dagatai da arɗo-arɗo a cikin shawara tun farko, domin idon mai unguwa da na yaron da ke bin shanu su za su fara ganin baƙuwar ƙaya tun tana guda goma, lokacin da fartanya ɗaya za ta ishe ta.

Ga ma'aikata kuma, musamman na Ma'aikatar Muhalli da ta Gona, a daina auna nasara da yawan dashen da aka raba. A auna ta da yawan itatuwan gida da suke raye bayan damina uku, da kuma ciyawar da ke ƙarƙashinsu. Jami'in da ya ƙi sa hannu a kan irin da ba a gwada ba, a tsaya masa, kada a ce ya hana ruwa gudu. Kuma tun da yake a watan Yuli da Agusta ake dashe, wato tun da rani ake zuba iri a leda, muna so Kwamishinan Muhalli ya buga jerin sunayen itatuwa da ciyayin da aka yarda a shuka a cikin Rugu da kewayensa, da waɗanda aka hana, da Hausa da boko da ajami, a manna a sakatariyar Batsari da ta Safana da ta Ɗanmusa da ta Jibiya, a karanta a rediyo, kafin a biya ɗan kwangila ko ɗaya kuɗin dashen baɗi.